Yadda Za Ku Tsara Ƙa'idar Mu'amala Ga Ƙungiyar Buɗaɗɗiyar Manhaja a Illela

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar rubutunta a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya ƙara, ya kuma raba wa wasu. Linux da ke ƙarƙashin kowace wayar Android irinta ce, haka Firefox, haka manhajar da Wikipedia ke tafiya a kanta. Aikin gayya ne, sai dai 'yan gayyar galibi ba su taɓa ganin fuskar juna ba. Yau saurayi ko budurwa a Illela, in dai akwai waya da data, na iya sa hannu: fassara manhaja zuwa Hausa, rubuta maƙala a Wikipedia ta Hausa, naɗar murya a Common Voice na Mozilla, ko zana unguwanni da rijiyoyi a taswirar OpenStreetMap. Garin ma yana da wata falala da Kano ba ta da ita. Ƙonni na nan tsallaken iyaka, Hausa ɗaya ake yi, amma nan an yi karatu da Ingilishi, can da Faransanci. Ƙungiyar da ta haɗa ɓangarorin biyu tana da harsuna uku a hannu.

Wannan jagora ta waɗanda suka tara mutum goma ko ashirin ce, suka buɗe zauren WhatsApp, suna son aikin ya ɗore kuma mata su zauna a ciki. Maganata guda ce: takardar ƙa'ida ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ke raba ƙa'ida mai rai da matacciya shi ne wa ake kai wa ƙara, da abin da ke biyo bayan ƙarar.

Inda rigimar ta samo asali

Ya kamata ku san muhawarar da aka yi a ƙasashen waje kan irin wannan ƙa'ida kafin ku ɗauki alƙalami, domin duk hujjar da aka kawo a can za ku ji ta a zaurenku. A 2017 GitHub, dandalin da mafi yawan irin wannan aiki ke zaune, ya yi bincike kan mutum kusan 5,500. Kashi 95 cikin ɗari maza ne, mata kashi 3 kacal. Daga cikin waɗanda suka fuskanci wulaƙanci ko suka ga an yi wa wani, kashi 21 sun ce sun daina ba da gudummawa ga aikin saboda haka. 

A 2014 Coraline Ada Ehmke ta rubuta wata ƙa'ida mai suna Contributor Covenant, wadda dubban ayyuka suka ɗauka daga baya. Ƙurar da ta fi kowace tashi ita ce ta watan Satumba 2018. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya daɗe da yin suna wajen zazzaga wa mutane zagi idan suka kawo rubutu mara kyau. A wannan watan ya fito ya nemi afuwa, ya janye na ɗan lokaci, aikin kuma ya ɗauki ƙa'idar da aka gina kan Contributor Covenant. Ya dawo a watan Oktoba.

Masu adawa sun ce cancanta kaɗai ya kamata a duba: in rubutunka ya yi kyau a karɓa, in bai yi ba a mayar maka, ko kai wane ne. Sun ce ƙa'idar za ta zama makamin siyasa, a riƙa tono abin da mutum ya faɗa a wani wuri dabam a kore shi da shi. Wasu ayyukan sun bi tasu hanyar. Yukihiro Matsumoto na yaren kwamfuta mai suna Ruby ya ƙi Contributor Covenant a 2016, aka rubuta 'yar gajeriyar ƙa'ida ta gida. Masu manhajar SQLite kuwa suka ɗauko dokokin zaman sufayen Kirista na Benedict, har abin ya jawo surutu a 2018.

Tsoron masu adawa ba shirme ba ne, kuma za ku ga na yi la'akari da shi a nan gaba. Amma hujjar cancanta tana da rami. Wani nazari da aka wallafa a 2017 kan miliyoyin gyare-gyaren da aka miƙa a GitHub ya gano cewa gyaran mata ya fi na maza samun karɓuwa a jimlace, sai dai idan mace baƙuwa ce a aikin kuma ana iya gane cewa mace ce, karɓuwar sai ta faɗi ƙasa da ta maza. Ke nan ma'aunin da ake taƙama da shi ba ya auna rubutu shi kaɗai. Kuma ba za a taɓa sanin cancantar wadda ta fice a makonta na biyu ba.

Kada ku kwafo, ku fara da tambaya

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sauko da ƙa'idar Turanci, a liƙa ta a bayanin zaure, a ce an gama. Ba wanda zai karanta, kuma matsalolin da ta lissafa ba su ne ke damun Illela ba. Ku karanta Contributor Covenant, ku karanta ƙa'idar bai-ɗaya da Gidauniyar Wikimedia ta sanar a Fabrairu 2021, ku ga yadda aka gina su. Sannan ku ajiye su gefe.

Zaman farko na sauraro ne. Ku roƙi mace guda da ake ganin girmanta, malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti, ta zauna da matan ƙungiyar su kaɗai, babu namiji a wurin. Tambaya ɗaya za ta yi: me ya taɓa sa ki fita daga wani zaure, ko ki yi shiru a cikinsa? Ta rubuta amsoshin ba tare da suna ba. Idan babu mace ko ɗaya a ƙungiyar tukuna, a tambayi ƙanne da yayye da ɗalibai.

Ina da yaƙinin abin da zai zo a kan gaba ba zagi ba ne. Lambar waya ce. A zauren WhatsApp kowa na ganin lambar kowa. Yarinya ta shigo da rana ta yi tambaya kan yadda ake saka madogara a maƙala. Da dare saƙo ya shigo mata ita kaɗai: "Salamu alaikum 'yar'uwa, na ga tambayarki, zan iya koya miki." Kwana biyu sai: "A wace unguwa kike?" Sai neman hoto. Mai yin haka ba ya ganin ya yi laifi, zai ma rantse maka da aure yake nufi. Ita kuwa ta lissafa abin da zai faru ranar da yayanta ko mijinta ya ɗauki wayar, sai ta goge zauren. Ba lallai ƙa'idar da aka kwafo daga waje ta faɗa muku wannan da sunansa ba. Ku ne za ku rubuta shi.

Maza ma a tambaye su, musamman ƙanana da 'yan ƙauye da na tsallake. Za ku ji ƙorafin ba'a kan Sakkwatanci daga masu ganin Hausar Kano ce kaɗai Hausa, da raina wanda Ingilishinsa bai nuna ba, da tsokanar "ku 'yan Nijar", "ku 'yan Najeriya", da gardamar Izala da Ɗariƙa da ke cinye dare guda a zauren da aka buɗe don fassara.

Rubutun kansa

Shafi ɗaya ya isa. A rubuta da Hausa, a kuma naɗe shi da murya a liƙa a zaure, domin da yawa sun fi sauraro a kan karatu. Ku guji kalmomi masu faɗi irin "a girmama juna", don kowa na ganin shi mai girmamawa ne. A ambaci aiki da sunansa. Ga misalin yadda tsakiyar takardar za ta iya kasancewa:

"Ba a bin ɗan ƙungiya ko 'yar ƙungiya da saƙon sirri ko kira sai da izininsa. Wanda aka ce masa ya daina, ya daina nan take. Tambayar aiki a zaure ake amsa ta. Ba a neman soyayya ko aure ta hanyar ƙungiya. Mai niyya ya san ƙofar gidan iyaye. Ba a ɗaukar hoton kowa ko yaɗa shi sai ya yarda. Ba a fitar da lamba, suna ko unguwar wani. Ana gyara aiki, ba a zagin mai aiki. Ba a ba'a da harshen mutum, ƙasarsa, ƙabilarsa, addininsa, jinsinsa, asalin gidansu ko lalurar jikinsa. Gardamar aƙida da ta jam'iyya ba a nan ba."

Ku lura da batun gyara. Ƙa'ida ba ta hana a ce aiki bai yi ba. In ta hana, aikin ya mutu. Bambancin yana tsakanin "Wannan jimlar ta bi tsarin Turanci, ga yadda za a juya ta" da "Ke ma dai, wa ya ce ki shiga abin da ba ki iya ba?" Ta farko ta fi tsanani a kan aikin, amma ba ta taɓa mutuncin kowa ba.

Sai a fayyace iyakar ƙa'idar, kuma nan ne za ku amsa tsoron masu adawa. Ta shafi zauren ƙungiya, tarukanta, ma'ajiyar aikinta, da duk saƙon da aka aika wa wani saboda an samo lambarsa daga ƙungiyar. Ba ta shafi ra'ayin da mutum ya rubuta a shafinsa na Facebook ba, sai fa in ɗan ƙungiya yake ci wa mutunci a can. Ƙungiya ba 'yar leƙen asirin mambobinta ba ce.

Akwai wata magana da ba ta da daɗin ɗagowa amma dole ce. Ƙa'idojin manyan ayyukan duniya suna lissafa rukunonin mutanen da ba a yarda a muzanta ba, har da waɗanda tsarin rayuwarsu ya saɓa wa abin da mafi yawanmu suka yi imani da shi. Wasu matasa na ganin haka sai su ce ba za su shiga ba, wasu kuma su shiga da wa'azi, a kore su. Ku bayyana wa mambobinku tun da wuri: waɗannan ƙa'idoji harshe da hannu suke ɗaurewa, ba zuciya ba. Ba a nemi ka canja aƙidarka ba. An nemi kada ka zagi abokin aiki, kada ka tona shi, kada ka hana shi aiki. Wannan layin da ya kare shi, shi ne ya kare mai hijabi da mai gemu daga Illela ranar da wani a wata nahiya zai yi musu kallon raini. Wanda ya shiga aikin wasu, ƙa'idarsu zai bi.

Idan aikinku yana GitHub, ana ajiye takardar a fayil mai suna CODE_OF_CONDUCT.md a bakin ma'ajiyar, inda baƙo zai fara gani.

Wa ake kai wa ƙara

Nan ne ƙungiyoyi ke faɗuwa. Sai a rubuta "mai ƙorafi ya sanar da shugaba", alhali sau da yawa shugaban ne, ko amininsa, ake son kai ƙara. Ku naɗa mutum uku: aƙalla mace ɗaya, in da hali biyu, kuma ɗaya daga tsallaken iyaka idan kuna da mambobi a Ƙonni. Kada shugaban ƙungiya ya kasance cikinsu. A rubuta sunayensu da yadda ake samunsu, mai ƙara kuma ta zaɓi wanda ta fi sakin jiki da shi. Idan ƙarar ta shafi ɗaya daga cikin ukun ko ɗan gidansu, ya fita daga maganar gaba ɗaya. A garin da kusan kowa ɗan'uwan wani ne, wannan sharaɗin zai yi aiki fiye da yadda kuke zato, don haka ku tanadi mutum na huɗu na ko-ta-kwana.

Ga yadda karɓar ƙara take. A amsa cikin kwana biyu, ko da da "Mun ji, muna dubawa" ne. A saurara har ta gama. Kada a tambaye ta me ya sa ta amsa masa tun farko. A nemi hoton saƙonnin in akwai, amma rashinsa bai soke ƙarar ba, domin da yawa goge saƙon suke yi don tsoron gida. A tambaye ta me take so ya faru: wata gargaɗi kawai take so a yi masa, wata ba ta son ya san ita ce ta faɗa. Sannan a ji ta bakin wanda ake ƙara, shi kaɗai, cikin mutunci, a faɗa masa takamaiman abin da aka ce ya yi. Yana da haƙƙin ya kare kansa, kuma ƙarya ma ana yi.

Abu biyu ne na ga sun fi ɓata lamari. Na farko, a haɗa su wuri ɗaya a ce "ku yafi juna, ai duk ɗaya ne". Sulhu alheri ne tsakanin tsara biyu da suka yi cacar baki. Tsakanin mai bibiya da wadda ake bibiya, tilasta mata zama da shi ƙarin hukunci ne a kanta. Na biyu, maganar ta fita. A Illela labari ba ya kwana. Idan sunan yarinya ya shiga gari tare da na namiji, ita ce za ta ɗauki tabon ko da ita aka zalunta, kuma ba za ku sake ganin wata ta kawo ƙara ba. Saboda haka kada masu karɓar ƙara su tattauna a babban zaure, kada su tura hotunan saƙonni ga kowa, bayanan kuma su zauna a wuri ɗaya mai kulle.

Hukunci hawa-hawa ne, kuma wannan tsarin ya cancanci a aro shi daga bugu na biyu na Contributor Covenant: jan kunne a asirce, sai gargaɗi a rubuce tare da sharaɗi, sai dakatarwa na wani lokaci, sai kora. Yawancin lamura a mataki na farko suke ƙarewa: "Malam, abin da ka rubuta wa ƙanwarmu jiya bai dace ba, ka goge, ka ba ta haƙuri." Amma barazana, yaɗa hoton wani, ko neman ƙaramar yarinya ba sa bin tsani. Kora ce kai tsaye, kuma lamarin ya wuce ƙungiya, na iyaye ne da hukuma. Najeriya na da dokar laifukan intanet tun 2015. Ku ba kotu ba ne. Iyakar ikonku shi ne wa zai zauna a cikinku.

Ranar gwaji ita ce ranar da mai laifin zai kasance gwanin ƙungiya, mai laftof, wanda ke saya wa kowa data. Za a ce in ya tafi aiki ya tsaya. A Nuwamba 2024 kwamitin ƙa'ida na Linux ya dakatar da mai kula da wani sashe na manhajar na tsawon zangon aiki guda saboda zagin da ya yi wa abokin aikinsa, kuma Linux bai tsaya ba. Idan kuka ɗaga wa gwani ƙafa sau ɗaya, kowa ya gane takardar ta marasa galihu ce.

Takarda ba ta kawo mata

Ƙa'ida tana hana wadda ta shigo fita. Shigowar kanta wani aiki ne dabam, kuma a wannan yanki ba sabon aiki ba ne. Tun a ƙarni na 18, lokacin da Shehu Usmanu ke yawon wa'azi, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soke shi kan barin mata suna halartar majalisinsa. Abdullahi ɗan Fodiyo ne ya mayar da amsa, yana mai kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni. Nana Asma'u, wadda aka haifa a Degel a 1793, nan ƙasar Gwadabawa da ke maƙwabtaka da Illela, ita ta mayar da hujjar tsari. Ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji, mata dattijai da take ba malfa a matsayin shaida, su ke tafe da ɗalibai daga ƙauyuka su koma da karatu. Ba ta tsaya jiran matan su keta al'ada su zo ba. Ta duba abin da ke hana su, ta samar da amintacciyar da gida zai yarda da ita.

Ku yi haka. Lokacin taro ya zama da hantsi ko bayan Azahar, a tashi kafin Magariba. Ku kauce wa Lahadi, ranar kasuwar Illela, da rabin mambobi ke wurin nema. Wurin ya zama makaranta ko ɗakin taro sananne, ba shagon cajin waya ko ɗakin wani saurayi ba. Mace babba ta kasance a wurin. Ku buga takardar ƙa'idar ku ba kowace ɗaliba ta kai gida, in ya kama malamar ta raka ta: "Baba, ga abin da muke koya musu, ga lokacin tashi, ga lambata." Uba ko miji da ya ga an rubuta cewa ba a bin 'yarsa ko matarsa da saƙo ya fi saurin cewa to.

Ta ɓangaren na'ura ma akwai dabara. Telegram yana barin mutum ya ɓoye lambarsa, ya yi amfani da laƙabi. In kun tsaya a WhatsApp, a yi zauren mata na koyo a gefe, amma kada ya zama kurkuku: shawarar aiki a babban zaure ake yanke ta, kuma dole a samu mace cikin masu riƙe da shi, mai ikon cire saƙo da cire mutum. Ku kuma lura da rabon aiki, kada mata su ƙare a rubuta sunayen mahalarta da raba ruwa, maza na kan kwamfuta. Idan laftof uku ne, a yi jadawalin zama a kansu da agogo.

Irin wannan ƙoƙari yana haifar da sakamako. Taron PyCon na Amurka, wanda ya ɗauki ƙa'ida ya kuma riƙa neman mata da gangan su gabatar da jawabi, ya tashi daga kusan kashi 1 na jawabai daga mata a 2011 zuwa kusan kashi 40 a 2016. Shirin Outreachy yana biyan masu koyo kuɗi su yi wata uku suna aiki daga gida a kan buɗaɗɗiyar manhaja, kuma 'yan Najeriya da dama sun shiga. She Code Africa, da Ada Nduka Oyom ta kafa a 2016, tana haɗa mata da masu koya musu. A Kano, ƙungiyar CITAD ta daɗe tana aiki kan cin zarafin mata a intanet. Ku nuna wa 'yan matanku waɗannan ƙofofi, ku taimaka musu cike takardun nema.

Duk wata shida a zauna a sake karanta ƙa'idar. Masu karɓar ƙara su faɗi adadin ƙorafin da suka samu da matakin da aka ɗauka, ba suna. In sun ce babu ko ɗaya, kada ku yi tafi tukuna. Ku duba jerin waɗanda suka fita daga zaure, malamar ta kira matan cikinsu ta ji dalili. Ku kuma tanadi yadda za a yi wannan zama ta waya, domin an rufe iyakar Illela daga 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Mambar da ke Ƙonni tana bukatar wanda za ta kai wa ƙara ko da mota ba ta tsallakawa.